Zinare, ruwa ko takarda: amsa ga mai shirin mastas a jiyoloji

Wani matashi daga Talata Mafara ya aiko mini da tambaya. Ya gama digirin farko a jiyoloji, wato ilimin duwatsu da abin da ke ƙarƙashin ƙasa, ya yi bautar ƙasa, yanzu yana so ya koma mastas. Ya ga wasu jami'o'i na ba da digirin a jiyoloji zalla, wasu kuma a kimiyyar ƙasa ta aikace, wadda ɗalibai ke ce wa afilaid, ya rasa wanne zai cika a fom. Kawunsa ya dage a kan ya bi ɓangaren zinare tunda arzikin na ƙofar gida, shi kuwa yana tsoron ɗaukar aikin da halin daji ba zai bar shi ya gama ba. Ya rufe da cewa, "Baba, wanne ne zai ba ni abinci, kuma wanne ne zai yiwu a halin da muke ciki?"

Ɗana, bari mu fara kawar da maganar sunan kwas, don ita ce mafi sauƙi cikin abin da ka kawo. Mai jiyoloji zalla yana tambayar yadda aka yi dutse ya samu, da yaushe, da irin zafi da matsin da ya sha. Mai afilaid yana ɗaukar wannan sanin ya tambayi ina za a haƙa, zurfin nawa, ƙasar za ta ɗauki gini ko za ta zauna, ruwan zai shawu ko a'a. A takarda ke nan. A Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure afilaid na da sassansa daban-daban, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa sashe ɗaya ne mai rassa a ciki. Amma tun da nake, ban ga an ɗauki mutum aiki ko an ƙi shi don kalmar afilaid da ke kan shaidarsa ba. Abin da ake tambaya shi ne me ka bincika, wa ya duba aikin, kuma in an miƙa maka na'ura yanzu za ka iya.

Ga abin da nake so ka riƙe. Digirin farko ya koya maka sunaye: wannan garanait ne, wancan shist, wancan jijiyar ƙanƙara, wato farin dutsen da ya ratsa tsaga. Mastas kuwa koyon fitar da adadi ne wanda wani zai dogara da shi. Giram nawa na zinare ke cikin tan ɗaya na dutse, lita nawa rijiya za ta bayar a daƙiƙa ba tare da ta ƙafe ba, dalma nawa ke cikin ƙasar tsakar gida. A kan adadin da ka rubuta wani zai zuba dukiyarsa, wata kuma za ta bar ɗanta ya yi rarrafe a wurin. Duk reshen da za ka bi, ka auna shi da wannan: zai koya mini fitar da adadin da zan tsaya a bayansa in an ƙure ni?

Kai kuma ka yi sa'ar gari, ko da ba ka lura ba. Talata Mafara tana kusa da bakin iyakar duniya biyu. In ka taso daga Gusau ka biyo ta Bunguɗu da Maru, kana taka tsohon dutsen gindi ne, wanda ya sha murɗa da gashi lokacin da nahiyoyi suka yi karo kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Dutsen Kwatarkwashi garanait ne na wancan zamani, narkakken dutse da ya daskare a can ƙarƙashi, sai zaizaya ta yaye abin da ke kansa. Tsakanin irin waɗannan duwatsu akwai dogayen ɗamaru na shist da suka miƙe kudu da arewa: na Anka, na Maru, na Wonaka, na Zuru. A Maru har da duwatsun tama masu zane-zane. Zinaren da kawunka ke magana yana cikin jijiyoyin ƙanƙara da suka bi tsagogin waɗannan ɗamaru, musamman babbar karayar da ta ratso ta Anka ta gangara wajen Yawuri.

Da ka wuce garinku ka nufi Sakkwato, labari ya sauya. Dutsen gindi ya nutse, shimfiɗun yashi da laka suka hau kansa, suna ɗan karkata zuwa arewa maso yamma, suna ƙara kauri. Kwarin Sakkwato ke nan, wanda shi kansa gefen kudu maso gabas ne na babban kwarin Yullemeden da ya shiga Nijar da Mali. Dubi sunayen shimfiɗun, duk garuruwanmu ne: Gundumi da Illo a can ƙasa, sai Taloka da Dukamaje da Wurno, sai Dange da Kalambaina da Gamba, sai Gwandu a sama. A Gundumi ana samun itatuwan da suka zama dutse. A Dukamaje an tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da aka raɗa wa suna Goronyosaurus, don tunawa da Goronyo, domin teku ya taɓa malalowa ta Sahara ya kwanta a nan. Farar ƙasar Kalambaina da ake siminti da ita gadon wannan tekun ce. Farfesa Kogbe, wanda ya koyar a Zariya, ya yi shekaru a kan wannan kwari, har yau da aikinsa ake fara karatun wurin. Ɗalibin da ke wata ƙasa sai ya biya kuɗin jirgi kafin ya ga abin da kai za ka gani da kuɗin mota daga tashar garinku.

To mu zo kan zinaren.

Kawunka bai yi ƙarya ba, akwai shi. Tun zamanin Turawa, a shekarun 1930, ake wanke shi a ƙasashen Zamfara da Yawuri. A 2020 gwamnatin tarayya ta sa Kebbi cikin jihohin farko na shirinta na sayen zinare daga hannun ƙananan masu haƙa. Sai dai "akwai zinare" magana ce da kowane yaro a Anka ya sani, ba sai da digiri ba. Tambayar mai mastas ita ce nawa ne, zuwa wane zurfi, kuma haƙarsa za ta biya kuɗinta? Wannan tambayar tana da tsada. Dutsen da ke da giram 5 a tan ɗaya dutse ne mai kyau, amma ka yi tunanin giram 5 a warwatse cikin kilo 1,000. Ɗakin gwaji kuma giram 30 ko 50 kawai yake ɗiba daga garin dutsen ya narka a wuta. In zinaren mai manyan ƙwayoyi ne, kamar yadda yake a yawancin jijiyoyinmu, ƙwaya ɗaya ta faɗa cikin cokalin sai sakamako ya yi tsalle, in ba ta faɗa ba sai a ce babu komai, alhali dutse ɗaya ne. Shi ya sa ɗalibin da ya tsinto farare goma a bakin rami, ya zaɓi masu ƙyalli, ya kai aka auna, ya rubuta cewa yankin na da arziki, bai faɗi komai ba tukuna. Kuma na'urar XRF ta hannu, mai nuna sinadaran da ke cikin dutse, da ake yayi yanzu ba ta ganin zinare in kaɗan ne. Amfaninta nuna abokan tafiyarsa, irin su dalma da tagulla da asanik.

Kamfanonin gaske ba sa yarda da adadi sai an huda ƙasa an ciro sandunan dutse, an raba su, an cusa samfuran gwaji a tsakani: wani fanko, wani tagwaye, wani da aka riga aka san abin da ke cikinsa, don a kama ɗakin gwajin in ya yi kuskure. Tsananin ya ƙaru ne bayan badaƙalar kamfanin Bre-X na Kanada ta 1997, inda aka riƙa barbaɗa zinare a cikin samfura daga wani daji na Indunusiya, masu hannun jari suka tafka asara. Daga nan Kanada ta kafa ƙa'idarta ta NI 43-101, Ostireliya kuma tana da JORC. Mahaƙar Segilola ta jihar Osun, wadda ta fara fitar da zinare a 2021, ta irin wannan hanyar ta biyo. Kai ɗalibi ba ka da injin huda, ba ka da kuɗinsa. Abin da za ka iya yi da kyau a mastas shi ne tsarin tsagogin, da wace jijiya ce ke ɗauke da zinare wace ce bakarariya, da irin sauyin da ruwan zafi ya yi wa dutsen da ke gefenta. Aiki ne mai daraja, amma yana son kwanaki a daji da guduma da kamfas. Ka san halin da dajin ke ciki fiye da ni. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai Disambar 2024, ɗage doka kuwa bai kwashe masu bindiga daga bakin ramuka ba.

Ka kuma gaya wa kawu, cikin ladabi, cewa digiri ba ya ba mutum rami. A dokar ma'adinai ta 2007, abin da ke ƙarƙashin ƙasa na tarayya ne, lasisi kuma daga ofishin rajistar ma'adinai na Abuja yake fitowa, ko na bincike, ko na ƙaramar haƙa, ko na babba.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi karkata, kuma ba zan ɓoye maka ba. Kana yaro a 2010 lokacin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara na mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. An fara zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Da aka auna jini sai ga dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, a Dareta da Abare da 'Yargalma da Sunke da Bagega da sauransu. Farashin zinare ya tashi a duniya, mutane suka riƙa kwaso dutse zuwa gida, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin niƙan hatsi, ana shanya shi inda yara ke wasa. Wannan kowa ya ji. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne dalilin da ya sa gubar ta yi wannan kaifin, kuma amsar ta masu jiyoloji ce. Jijiyoyin da ake haƙa suna ɗauke da dutsen kwalli, wato dai irin kwallin da iyayenmu mata ke sawa a ido, wanda dalma ce haɗe da farar wuta. Shi a yadda yake ba ya saurin narkewa a ciki. To amma kusa da saman ƙasa ruwa da iska sun ci shi tsawon zamani, ya rikiɗe ya zama kabonet na dalma, shi kuwa da ya haɗu da tsamin tumbin yaro narkewa yake yi. Masana na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da suka duba samfuran su suka nuna haka. Niƙa a bushe kuma ta mai da shi ƙura mai laushi, mai manne wa hannu da abinci. A Amurka a lokacin, kashi 400 cikin miliyan shi ne iyakar dalma a ƙasar da yara ke wasa. A wasu wuraren niƙa a Zamfara an auna fiye da kashi 100,000.

Lura da wani abu a nan. Likita yana da maganin da ke jawo dalma daga jini, amma in ya ba yaro ya mai da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, aikin banza ya yi. Dole sai an kankare saman ƙasar gida, an kwashe, an binne a wuri na musamman, an zubo sabuwa mai tsabta. Wato likita jiran mai awon ƙasa yake yi. Haka Bagega ta zauna tana jira har 2013 kafin a fitar da kuɗin share ta. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Mutanen da suka riƙe na'ura suna bi gida-gida suna cewa nan a kankare, nan a bari, da yawansu daga nesa aka ɗauko su. Mu da abin ya ci 'ya'yanmu ya kamata a ce muna da namu, masu jin harshen matan gida, waɗanda za a bari su shiga har ɗaka.

Tambayoyin mastas a wannan fanni ba su ƙare ba. Gidajen da aka share, sun sake gurɓata bayan shekara goma? Ramukan da aka binne gurɓatacciyar ƙasa, suna tsiyaya cikin rijiyoyi? Niƙa da ruwa, wadda ake koya wa masu haƙa don kashe ƙura, ina ruwan wankin ke zuwa? Ga kuma zaiba, da 'yan haƙa ke ce wa makuri, wadda ake kama zinare da ita a ƙona ta a fili, hayaƙin ya shiga huhu, saura ya gangara gulbi inda ake kamun kifi. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata kan zaiba a 2018, amma yarjejeniya ba ta auna laka. Irin wannan aikin da yawansa a wuraren niƙa na cikin gari da bakin hanya ake yinsa, ba sai ka kutsa daji ba.

Sai ruwa, wanda in maganar abinci kake yi, shi ya fi ciyar da 'yan jiyoloji a ƙasar nan. Zinare farashinsa na hawa da sauka, gwamnati na buɗewa tana rufewa, amma ba ranar da gari zai waye ba a neman mai nuna wurin burtsatse. Kuma a nan ne iyakar da na faɗa maka take aiki. A Gusau ko Zuru, dutsen gindi ba shi da ƙofofin da ruwa zai zauna. Ruwan yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama ne, da cikin tsagogi. Taku ashirin kan raba rijiya mai ruwa da busasshiya. A Birnin Kebbi ko Argungu kuwa yashin Gwandu shimfiɗe yake, laka ta rufe shi ta danne, har a wasu wurare masu kwari in an huda ruwan da kansa yake tasowa. Can matsalar ita ce sanin wace shimfiɗa za ka buɗe wa rariya, wace za ka toshe da siminti don ruwan sama-sama mai ɗauke da tsiyayar masai kada ya gangaro, da abin da za ka yi da ruwan da ke rina bokiti ja saboda ƙarfe. Injin haƙar ma daban ne: a kan yashi da laka ake hudawa, a kan dutsen gindi da guduma da iska.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha. Ina sabon gama karatu wani ɗan kwangila ya ɗauke ni in nuna masa wuri a wani ƙauye da ke kan dutsen gindi. Na kafa ƙarafa huɗu, na ja waya, na saki lantarki, na zana layin. Sai ga wata shimfiɗa da lantarki ke ratsawa cikin sauƙi, kamar yadda littafi ya ce wurin ruwa yake. Na buga turke da ƙarfin gwiwa. Aka kawo inji, mutanen gari suka taru, mata har sun fara jera tuluna. Abin da ya fito yumɓu ne, mai danƙo, har muka dira kan dutse. Yumɓu ma yana sakin lantarki kamar ruwa, kuma na san haka, na amsa shi a jarrabawa. Abin da ban yi ba shi ne zagaya garin in leƙa tsofaffin rijiyoyi, in tambayi masu haƙarsu me suke tararwa a gaba nawa. Wani dattijo mai haƙar rijiya yana tsaye a wurin tun safe. Da aka naɗe kaya ya ce mini, "Yaro, da ka tambaya." Tun daga ranar ba na kunna na'ura sai na sha ruwan garin na zauna da masu rijiya.

Abin da mastas na haidurojiyoloji, wato ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, zai ƙara maka a kan mai jan waya na kasuwa shi ne ka san cewa layi ɗaya na iya fitowa daga tsarin ƙasa iri-iri, don haka sai ka haɗa shi da wata shaida. Za ka koyi gwajin famfo na gaskiya: a ja ruwa da ƙarfi ɗaya na tsawon awa 24 ko fiye, ana auna yadda yake sauka, a kashe a auna yadda yake dawowa, daga nan a lissafa famfon da ya dace. Yawancin burtsatsen da ka gani a mace ba rashin ruwa ya kashe su ba. An busa iska ne ruwa ya yi tsiri, aka yi tafi, aka ɗaura famfon da ya fi ƙarfin rijiyar. Za ka kuma koyi karanta sakamakon ruwa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar naitiret a miligiram 50 cikin lita, fuloraid 1.5, dalma 0.01. In ka haɗa wannan da abin da na faɗa a kan dalma, ka ga ruwa da muhalli a Zamfara kusan fanni ɗaya ne.

Man fetur ba zan daɗe a kansa ba. Tun da aka ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2022 kowane ɗalibi ke son rubuta "yiwuwar samun mai a kwarin Sakkwato". Shimfiɗun ɓangarenmu ba su da kauri ko kusa da na Neja Delta, mai kuwa sai an binne laka da zurfi ta dahu. In fetur kake so, ka nemi makarantar da ke da bayanan awon ƙasa da girgiza, da na rijiyoyin mai a hannu, ka shirya zama kudu.

Akwai wata hanyar da rashin tsaro ya sa ɗalibai ke rububi, ina so in ja maka kunne a kanta. Tsakanin 2003 da 2010 an bi sararin Najeriya da jirage ana auna maganaɗisun ƙasa, layi-layi, tazarar mita 500. Bayanan na hannun hukumar binciken ƙasa, NGSA, wadda asalinta tun 1919 ne, kuma ana sayensu falle-falle. Dukiya ce babba. Amma abin da ake yi da ita yanzu ya zama kamar ɗinkin anko: a sayi fallen Anka ko na Gusau, a bi da shi ta manhaja, a fito da taswira ja da shuɗi, a ja layuka, a rubuta cewa akwai alamun ma'adinai. Na karanta irin wannan kundin har na daina ƙirga, a ciki da wuya ka sami wanda ya taka ko da layi ɗaya ya ga mene ne a ƙasa. Maganaɗisu ba ya ganin zinare. Tsaga yake nunawa, tsagar kuma tana iya zama fanko. In za ka yi wannan aikin, ka zaɓi wurin da aƙalla gefensa na takuwa, ka gwada fassararka da dutsen da ka gani a yankan hanya, ko a kwari, ko a bayanan burtsatsen da aka riga aka haƙa. Sa'annan ka yi tunani kafin ka wallafa lambobin wurin da ka ga zinare. Ba 'yan jami'a kaɗai ke karanta taswira ba, kuma akwai ƙauyen da ke zaune a wurin.

Kada wani malami ya tura ka inda shi ba zai je ba. In ya ce sai samfurin wuri kaza, ka ce ku tafi tare. Inda kuma ake iya zuwa, ka fara da gidan hakimi ko mai gari, da takardar makaranta a hannu, don baƙo mai guduma da jaka yana leƙa duwatsu a wannan zamani ana iya yi masa fassara iri-iri.

Zaɓen malami ya fi zaɓen jami'a nauyi. Jami'o'in tarayya na Gusau da Birnin Kebbi, da aka kafa a 2013, suna kusa da gida da fili. Tsofaffi irin su Zariya da Jos da Ibadan sun fi tarin kundaye da samfura. Kowace ka nufa, kafin ka sayi fom ka je da ƙafarka, ka sami ɗaliban malamin da kake so, ka tambaye su a keɓe shekara nawa suka yi, yana karanta babi ya dawo da shi da jan biro ko sai an bi shi wata uku. Ka leƙa ɗakin gwaji ka ga ko injin yanka dutse na aiki, domin sai an sirance dutse ya kai milimita 0.03 kafin haske ya ratsa shi a madubin ƙara girma, kuma sashen da ba ya iya wannan zai tura ka wani gari da kuɗinka. A Kaduna NGSA na da ɗakunan gwaji, a Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta CERT. Ka tambayi farashin awon samfur ɗaya, ka ninka da yawan da aikinka ke bukata, ka ƙara na tagwaye da na fanko, kafin ka amince da taken bincike. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibai da yawa sun maƙale ne a nan, da buhun duwatsu a ƙarƙashin gado.

Tallafi akwai na PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, akwai TETFund in ka sami koyarwa a makarantar gwamnati, akwai DAAD na Jamus da na Commonwealth, akwai kuma cibiyar Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Ibadan mai kula da kimiyyar rayuwa da ta ƙasa. In Allah ya kai ka waje, irin su Delft da Twente a Holan ko jami'ar ma'adinai ta Tarkwa a Gana, ka tafi da tambayar gida a aljihu. Masu tantancewa sun gaji da takardun da ke cewa "ina sha'awar kimiyyar ƙasa tun ina yaro". Wanda ya rubuta musu shafi ɗaya a kan dalma da rijiyoyin Anka, da abin da ya riga ya auna, shi ake tsayawa a karanta. Kafin nan ka koyi manhajar zana taswira ta QGIS, kyauta ce, hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel da Landsat ma kyauta ne. Ka koyi ɗan lissafin ƙididdiga, ka koyi rubuta rahoton da injiniya zai gane a karatu ɗaya. Ka kuma fara bin hanyar rajista da COMEG, don ita doka ta ɗora wa tantance masu wannan sana'a, kuma za a nemi lambarka in ka fara sa hannu a rahoto.

Da ni ne kai, ɗan Talata Mafara mai madatsar Bakolori a bayan gida, da ruwa da muhalli zan cika, kowane suna jami'ar ta ba shi, in ɗauki kwas ɗaya ko biyu na ma'adinai a gefe don in san dutsen da gubar ke fitowa daga cikinsa. Ƙofar zinare ba ta rufe ba da wannan: kamfanin haƙa na gaske ba ya samun izini sai da rahoton muhalli, ba ya aiki sai da ruwa.

Watannin da suka rage kafin a buɗe fom kuwa, ga aikin da na ba ka. Ka je hukumar samar da ruwan karkara ta jiha a Gusau, ka roƙi a bar ka ka kwafi bayanan burtsatsen ƙaramar hukumarku, duk wanda ya saura a fayil. Wasu za ka tarar babu lambobin wuri, wasu an rubuta "yashi, laka, dutse" kawai an sa hannu. Kwafe su haka nan. Sai ka ɗauki wayarka da igiyar awo ka bi waɗanda ke cikin gari da bakin titi, ka rubuta wanne ke aiki, wanne ya mutu, tun yaushe, ruwan na da ɗanɗano ko launi. Ka auna zurfin ruwan rijiyoyin hannu yanzu, ka sake aunawa a watan Afrilu lokacin da rani ya kai maƙura. Ka ɗora duka a taswira ɗaya, ka ja layin inda kake zaton dutsen gindi ya nutse ƙarƙashin yashin Gundumi. In ka gama ka turo mini in gani, da littafin filin yadda yake, kada ka sake kwafe shi don ya yi kyau.